Furannin Gashi na Gidan Trembath

Gonar Trembath, kusa da Tarrowin
6 ga Oktoba, 1902

Zuwa ga Yaya Lemuel Pascoe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka. Mu nan da sauƙi. 'Yata Effie, mai shekara huɗu, ciki yana ɗan damun ta, idanunta kuma sun yi ja, ina jin hayaƙin murhu ne. Ni sai yatsuna da ke zugi kamar ana tsira min allura, wanki ne ya yi min yawa. Maigidana Enoch yana Gippsland tun Maris, ya kai ragowar tumakinmu kiwo, don farin nan bai bar mana ko tsinken ciyawa ba.

Na san za ka ce wace ce wannan. Keziah ce, jikar Kaka Loveday, ƙanwar kakarka. Rabonmu da juna tun jana'izar kakar tawa a Ballarat, ranar da ka buge min hannu don na taɓa agogonka. Shekara goma sha huɗu ban rubuto ba, yau kuma na zo da buƙata. Na sani. Ka yi min faɗan daga baya.

Surukina Baba Hosea ya rasu ranar 14 ga Satumba, bayan kwana biyar yana amai da gudawa. Mun binne shi lafiya. Sai 'yarsa Drusilla, yayar Enoch, mai shagon ɗinki a cikin gari, ta je wurin 'yan sanda ta ce ba ta yarda da mutuwar ubanta ba. Aka tone shi, Yaya. Likitan gari ya yi gwajinsa, ya ce akwai farar gubar nan, arsenik, a hantarsa.

To, ni ke dafa masa abinci. Ni na sa hannu a littafin mai sayar da magani a watan Agusta na sayi maganin ɓera. Ni kuma na ce masa a ƙofar majami'a, a gaban jama'a, in bai daina kushe girkina ba ya dafa da kansa ko yunwa ta kashe shi. Na faɗa, ba zan musa ba. Bakina haka yake tun ina yarinya.

Alƙalin binciken gawa ya ɗage zama zuwa 2 ga Disamba. In ya tura ni babbar kotu ka san sauran, kana Melbourne aka rataye wata mata a kan irin wannan guba. Ban kashe shi ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba. An ce gwajin guba ne aikinka. Ka gaya min yadda zan yi.

'Yar'uwarka,
Keziah Trembath


Melbourne
13 ga Oktoba, 1902

Keziah,

Wasiƙarki ta same mu lafiya. Maiɗakina tana gaishe ki, ni kuma sai tarin da hayaƙin asid ya bar min. Na tuna ki sarai. Agogon yana nan, har yau yana da tabo.

Kada ki ɓata lokaci kina cewa likita ya yi kuskure. Gwajin nan ya kusa shekara saba'in, wani mai haɗa magunguna a Ingila ya ƙirƙiro shi bayan wani mai kisa ya kuɓuce masa a kotu. Kafin nan ana zuba wa mutum arsenik a miya a ce cutar amai da gudawa ce, a binne, magada su raba gado. Yanzu kuwa muna narkar da abin da ake tuhuma, mu zuba a kwalba mai tutiya da asid. Iskar da ta tashi sai ta bi ta siririn bututun gilashi da muke gasawa. In akwai gubar, za ta kwanta a jikin gilashin, baƙa, tana ƙyalli kamar madubi. In likitanku ya ga wannan, to akwai ta. Abin da bututun ba ya faɗa shi ne yaushe ta shiga, kuma ta hannun wa.

Akwai sabon abu. Bara waccan, wata giya mai arsenik ta kwantar da dubban mutane a Manchester, likitocin can suka gano gubar tana zama a gashi, ta daɗe ba ta fita. Maigidana na wurin aiki bai cika yarda da wannan ba, amma ya bar ni in gwada.

Ki amsa min waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Yaya fatar tsohon take, da tafin hannunsa? Me yake ci, me yake sha, daga ina? Yarinyar kuma, tun yaushe cikin yake damun ta, wa ke ba ta abinci da abin sha?

Sannan ki aiko min da gashinki da nata, a yanko daga tushe. A yi a gaban ɗan sanda, shi zai rufe ambulan da hatimi, hannunki kada ya taɓa. Ban ce kin yi ba, ban ce ba ki yi ba. A aikinmu ba ma karɓar maganar kowa sai mun gwada, ko da ta uwarmu ce.

Naki,
Lemuel


Gonar Trembath
19 ga Oktoba, 1902

Malam Pascoe,

Ina gaisuwa. Allah ya sawwaƙe tari. Effie lafiyarta ƙalau, tunda ka damu.

Haba! Na kawo kuka wurin ɗan'uwa, ashe wani ɗan sandan na ƙaro wa kaina. Wa ke ba yarinya abinci? Uwarta mana, wa kake so ya ba ta, maƙwabta? Wato bayan tsohon, 'yar da na haifa ma ina zuba mata. Kuma in ɗauki ƙafata in je in ce wa ɗan sanda ga 'yata ba ta da lafiya, zo ka yanki gashinta. Ka san abin da garin nan zai yi da wannan labari kafin rana ta faɗi? Allah ya kiyaye.

Tambayoyinka kuwa ga amsa, don kada ka ce na ɓoye wani abu. Fatar Baba tun da na san shi baƙa-baƙa ce, da ɗigo-ɗigo, kamar ta kowane tsoho da ya ƙare rayuwarsa a rana. Tafin hannunsa duk kanta, manomi ne ai, ba mai wanke kwalabe ba. Abin da muke ci shi yake ci: naman tunkiya, burodi, fate. Ruwa ne kawai nasa daban. Shi ya haƙa rijiyarsa da hannunsa shekara ashirin da suka wuce, can gangare ƙasa da ramin wankan tumaki, kuma duk duniya ba ruwan da ya kai nasa a wurinsa. Ruwan tankin da muke tara daga rufin kwano, wai kashin tsuntsu ne, na mata ne. Marigayiya matarsa da Drusilla ba su taɓa sha masa rijiya ba, wai tana ƙarni. Sai da tankin ya ƙafe a Janairu muka koma rijiyar dole, ka ga murna wurin tsohon, kullum sai ya yi min gori.

Ka gamsu? Kai da Drusilla kun dace. Ita ranar jana'iza ko shayi ba ta sha ba, ta hau kujera ta sauke furannin gashin nan daga bangon falo ta tafi da su, waɗanda uwarta ta saƙa da gashin 'yan gidan ta sa a gilashi. Wai kada su kwana ɗaki ɗaya da ni. Oho dai, dama babu nawa a ciki. Shekara biyar da aurena ba wanda ya nemi silin gashina.

Kada ka wahalar da kanka da amsa. In ta zo ma ba zan buɗe ba.

Keziah


Melbourne
24 ga Oktoba, 1902

Keziah,

Gaisuwar tana ƙasa. Karanta wannan tukun. KU DAINA SHAN RIJIYAR NAN YAU. Kada ki dafa da ita, kada ki ba yarinyar ko cokali ɗaya.

Garin maganin kaska da ake wanke tumaki da shi, arsenik ne. Ku kun saba da shi har kun manta, kuna kallon sa kamar sabulu. Kowace shekara bayan askin tumaki ana buɗe ramin a sake ruwan, kuma kin ce rijiyar tana gangare. Ina kike jin ruwan yake zuwa?

Ba zarginki na yi ba. Gaisuwarki ta farko ce ta tayar min da hankali: ciwon ciki, jan ido, zugin yatsu. Haka likitocin Manchester suka lissafa, kalma da kalma. Ya kamata in faɗa miki tun lokacin. Na saba ba na faɗin abin da ban gwada ba, wannan karon halin nawa ya yi ɓarna. Ki yafe min.

Ga matsalar. Ruwan rijiyar kaɗai ba zai fid da ke ba, lauya zai ce bayan mutuwar kika zuba maganin ɓera a ciki. Abin da zai fid da ke yana hannun Drusilla. Uwata ma tana da irin furannin nan, kuma matan ƙasarmu ba sa saƙa su sai sun rubuta a bayan katakon gashin wane ne, da shekarar da aka yanka. In gashin tsohon da aka yanka kafin aurenki yana ɗauke da gubar, magana ta ƙare.

Fure biyu nake buƙata, nasa da na matarsa. Nata shi ne ma'auni, tunda ruwan tanki ta sha. In nata ya fito fes, ba wanda zai ce takardar ko fentin katakon ne ya ɓata gashin. Ki gaya wa Drusilla gaskiya: asid zai cinye su duka biyun, ba abin da zai dawo mata.

Muna lafiya. Yaya yarinyar, tsakani da Allah?

Yayanki,
Lemuel


Gidan Fasto Uren, Tarrowin
10 ga Nuwamba, 1902

Yaya Lemuel,

Ina gaishe ka, kuma yau ba zan yi ƙarya a gaisuwa ba. Effie ba ta da lafiya. Tana jan ƙafa in tana tafiya, ta ce tururuwa na yawo a tafin ƙafarta. Ni kofi ma yana suɓuce min.

Wasiƙarka ta iso ranar 27. Na cusa ta bayan agogon bango ban buɗe ba. Kwana goma sha ɗaya, Yaya. Kwana goma sha ɗaya ina ɗebo ruwan nan ina dama wa 'yata fate, maganin abin yana bayan agogo, ni kuma ina ta fushina. Sai ranar Juma'a Fasto Uren ya zo a sukwane da wayar tangaraho da ka buga masa, ko sauka daga doki bai yi ba ya ce, "Keziah, ajiye bokitin nan!" Da na karanta wasiƙar na zauna a ƙasa daɓas. Allah ya isa tsakanina da zuciyata.

Yanzu muna gidan Fasto, muna shan ruwan da jirgin ƙasa ke kawowa gari. Ɗan sanda ya ɗebi ruwan rijiyar a sabuwar kwalba, ya yanki gashina da na Effie, ya buga hatimi. Hannuna bai taɓa ba.

Ranar Asabar na je shagon Drusilla. Ko ɗagowa daga keken ɗinki ba ta yi ba.

"Me ya kawo ki? Yadi nake sayarwa, ba maganin ɓera ba."

Na haɗiye maganar, ka san ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Na miƙa mata wasiƙarka. Ta karanta har sau biyu.

"Gashin Baba da na Mama? A ƙona?"

"Narkarwa za a yi, Yaya Drusilla. Ba zai dawo ba."

"Ko hoton uwata ba ni da shi. Furen nan shi ne abin da ya rage nata a bayan ƙasa. Ki kashe min uba, sannan ki zo ki ce in ba ki uwata ki wanke wuyanki da ita? Lallai ba ki da kunya."

Sai bakin nawa ya ƙwace. Na ce, "In ni na kashe shi, gashin zai fito fes, kin samu igiyar da kike nema. To me kike tsoro?"

Ta ce in fita. Ina juyawa Effie ta taho daga bakin ƙofa tana jan ƙafa, wai za ta gai da gwaggonta. Drusilla ta bi ta da kallo. Ta jawo ta, ta ɗaga wuyan rigarta, ta ga ɗigo-ɗigon baƙin nan da suka fito mata, irin na Baba sak. Ta daɗe tana kallo. Muka fito.

Yau da safe ta zo ofishin 'yan sanda rungume da gilashin. Da almakashinta ta yanke furen biyu, a gaban ɗan sanda da Fasto. A bayan katakon an rubuta "Hosea, 1894" da "Grace, 1894". Ni a 1897 aka kawo ni. Da za ta fita ta ce min, "Ba don ke na yi ba."

Kayan suna jirgin gobe. Saura kwana ashirin da biyu.

Ƙanwarka,
Keziah


Melbourne
21 ga Nuwamba, 1902

Keziah,

Muna lafiya, muna yi wa Effie addu'a. A ba ta madara da ƙwai sosai, a riƙa murza mata ƙafafun. Yara sukan warware in an raba su da ruwan, amma a hankali, kuma ba zan yi miki alkawari ba.

Kayan sun iso, hatimi bai taɓu ba. Na wanke kowane gashi sau uku don kada a ce ƙurar maganin ce ta manne a waje. Bututu shida na gasa, kowanne da sabuwar kwalba, maigidana yana tsaye a kaina.

Na farko tutiya da asid ne zalla, don mu tabbata kayan aikinmu ba su da gubar. Ya fito fes. Na biyu ruwan rijiya, baƙi ƙirin. Na uku naki, na huɗu na Effie, duk akwai, nata ya fi. Na biyar gashin marigayiya Grace, fes. Na shida gashin Hosea na 1894. Minti goma sha biyu ba komai. Sai baƙin ya fara kwanciya. Maigidana ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce shi ma zai sa hannu a rahoton.

Wato shekara uku kafin ki taka gidan nan, gubar tana jikinsa. Fari ya janye ruwan rijiyar, abin da ya rage ya yi kauri, ga tsufa. Shi ke nan.

Ki gaya wa Drusilla furen uwarta fari ne mai ganye biyar, an ɗaure shi a kan waya da zaren siliki. Ban taɓa ganin aikin hannu mai kyansa ba. Na daɗe ina riƙe da shi kafin in sa a kwalba, abin da ba na yi.

Zan shigo jirgin ranar 1 ga wata da bututun shida. A samo min ɗaki da ba ya kusa da mashaya.

Yayanki,
Lemuel


Gonar Trembath
18 ga Disamba, 1902

Yaya Lemuel,

Gaisuwa da godiya, gare ka da maiɗakinka. Da fatan ka isa lafiya, tari kuma ya yi sauƙi. Effie jiya ta taka daga ƙofa zuwa shinge ba ta faɗi ba. Ƙafar hagun har yanzu tana ja. Enoch ya dawo da tumaki ɗari uku cikin dubu. An yi ruwa kwana biyu, tanki ya kusa rabi.

Ka gudu tashar jirgi ana tashi daga zaman kotu, ko abinci ba ka tsaya ka ci ba. Tun da alƙali ya ce mutuwar tsautsayi ce ba hannun kowa, matan da suke tsallake titi in sun hango ni sun dawo suna kawo min burodi. Wata har cewa ta yi dama ita ba ta taɓa yarda ba. Na karɓi burodin na yi shiru, ka ga na fara koyo. Gonaki huɗu sun rufe rijiyoyinsu. Tamu Enoch ya cika ta da duwatsu, yana yi yana kuka, don tare da ubansa suka yi mata bakin dutse yana yaro.

Akwai abin da bututunka bai faɗa ba. Kun ce ba ni na kashe shi ba, kuma gaskiya ne. Amma ni nake ɗebo ruwan, Yaya. Kwana biyar ɗin nan da yake amai, ƙishirwa yake ji, ni kuma ina ɗura masa cokali-cokali, daga rijiyarsa, don ita kaɗai yake karɓa. Ranar ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce, "Girkinki dai sai haƙuri, amma kin iya jinya." Ita ce kalma mai daɗi guda ɗaya da ya taɓa gaya min. Ban faɗa a kotu ba, ban gaya wa Enoch ba. Kai ne ka san abin da ke cikin cokalin, shi ya sa na gaya maka.

Ranar Lahadi bayan sujada Drusilla ta zo. Ta hau kujerar nan dai ta mayar da gilashin a ƙusarsa. Gurbi biyu a tsakiya, wayar tsirara. Na zuba mata shayi, ta sha. Sai ta ciro almakashi daga jaka ta ce, "Zauna. Kwance kanki."

Na ce, "Yaya Drusilla, ki bari wannan ya yi tsawo a aske, sabo ya fito. Yaya Lemuel ya ce duk guba ce a cikinsa."

Ta ce, "Na ji shi, ina kotun ai. Wannan ɗin nake so. Shi ne irin na gidan."

Ta yanki nawa, ta yanki na Effie. Ta ce saƙar za ta ɗauke ta har bayan Kirsimeti, don ba ta kai uwarta hannu ba. Ta juya katakon ta tambaye ni yadda nake rubuta sunana, da h a ƙarshe ko babu.

Ƙanwarka,
Keziah